Yadda nake gasa simit a Gusau

Simit burodi ne mai siffar zobe da ake sayarwa a titunan Istanbul, riɗi lulluɓe da jikinsa. Riɗi kuwa ba baƙonmu ba ne a Zamfara.

Ki kwaɓa fulawa rabin kilo da yis, gishiri, ɗan sukari da ruwan ɗumi, kwaɓin ya yi tauri, ki rufe ya tashi. Ki murza sili biyu, ki tufka su, ki haɗe bakin.

Turkawa a dafaffen ruwan inabi mai kauri suke tsoma zoben. Ni mazarƙwaila nake narkawa. 'Yar'uwa, ki fara soya riɗin a busasshen kasko har ya yi ja, don ɗanye ba ya ƙamshi. Ki tsoma zoben a ruwan mazarƙwailar, ki birkiɗa shi a cikin riɗin sosai, ki gasa minti 20 a oben mai zafin digiri 220. Da shayi ake cin sa.