Gyaran gida a Kano: yadda ake jinga da ma'aikata, da abin yi idan rigima ta taso

Gyaran tsohon gida ya fi sabon gini wuyar lissafi. A sabon gini fili ne a gabanka, kana ganin komai. A tsohon gida kuwa, sai an ɗaye filasta ake sanin halin da bango yake ciki, sai an sauke silin ake ganin ko gara ta gama da katakon rufi. Na daɗe ina aikin sito a wani kamfanin gine-gine, ni ke karɓar kaya, ni ke fitarwa. Tun da na bar aikin, 'yan'uwa da maƙwabta a nan Gwammaja suke kirana in tsaya musu a kan gyara. Rigimar da nake gani tsakanin mai gida da ɗan kwangila kusan kullum daga abu biyu take tasowa: maganar da aka yi da fatar baki ba a rubuta ba, da kuɗin da ya riga aiki yin gaba.

Kada ka ba mutum aiki don kawai wani ya ce ya iya. Ka ce ya kai ka gidan da ya gyara, wanda damina ta riga ta wuce ta kansa, ka duba silin ko akwai tabon yoyo, ka ƙwanƙwasa tayil ka ji ko ƙasansa holoƙo ne. In da hali ka keɓe da mai gidan ka tambaye shi abu ɗaya: kuɗin da aka faɗa masa da farko, a kansa aka ƙare? Sannan ka kira mutum biyu ko uku su zagaya gidanka, kowa ya kawo ƙiyasinsa a rubuce, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban. Wanda ya ce maka "Alhaji, kawo miliyan uku kawai in gama maka komai" bai ba ka ƙiyasi ba. Wanda kuma kuɗinsa ya yi ƙasa da na sauran sosai, ka yi hattara da shi, araha ba ta ado. Ko dai bai gane girman aikin ba, ko ya gane yana so ya shigo tukuna, in an buɗe rufi ya dawo da ƙarin magana.

Hanya uku ake bi a garin nan. Akwai biyan yini, ana tashi ka sallami kowa. Akwai jingar hannu, ku yanke kuɗin aikin gaba ɗaya, kaya kuwa kai za ka saya. Akwai kuma jinga har da kaya, ka ba da kuɗi ka jira mukulli. Biyan yini ya dace da ƙaramin aiki da kake tsaye a kai, in ba haka ba aikin kwana uku sai ya ci mako. Jinga har da kaya ita ta fi haifar da faɗa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da yawa cikin 'yan makonni, kuma duk wanda ya karɓi aiki har da kaya kafin tashin ya shiga tsaka mai wuya: ko ya dawo neman ƙari a ce ya cika son kuɗi, ko ya rage siminti a kwaɓi a ce ya yi ha'inci. Ni dai jingar hannu nake ba mutane shawara. In farashi ya tashi kai ka gani da idonka a kasuwa, ba wanda zai ba ka labari.

Takardar jinga

Mutanenmu suna jin nauyin rubutu. Sai ka ji an ce, "Haba Alhaji, ni da kai sai mun yi takarda?" Amsar da nake bayarwa ita ce, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa maganar. Takarda tana kare magini kamar yadda take kare mai gida, don akwai masu gidan da ke ƙara aiki kullum, ranar biya su ce duk yana cikin jinga.

Ba sai an je wurin lauya ba in aikin bai yi girma ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, da Hausa, boko ko ajami, wanda duk ku biyun za ku iya karantawa. A rubuta aikin ɗaki-ɗaki: a ɗaye filastar falo a sake, a canja kwanon ɗakuna biyu, a sa tayil a banɗaki har zuwa tsayi kaza. A rubuta abin da ba ya ciki, wannan ya fi muhimmanci. Wa zai kwashe ɓaraguzai? Wa zai biya 'yan ga-ruwa? Abincin rana na leburori a wuyan wa yake? Kuɗin ɗauko kaya daga kasuwa fa? Waɗannan ƙananan abubuwan su ne ke cinye zumunci a mako na biyu. A sa ranar farawa da ranar gamawa, a sa yadda za a biya, ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya ɗauki hoton shafin a wayarsa.

In gidan gado ne, kafin a kira magini magada su zauna su rubuta tasu takardar: wa ya ba da nawa, kyauta ce ko bashi ne a kan gidan. Kuma mutum ɗaya tak za a naɗa ya riƙa magana da ma'aikata. Gidan da Hajiya ke ba da umarni da safe, babban ɗa ya zo da yamma ya soke, ba maginin da zai gama shi lafiya.

Biyan kuɗi

Ƙa'idata ita ce aiki a gaba, kuɗi na bin sa a baya, amma dab da shi. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, abin da zai ɗauki leburori kwanakin farko. Sauran a raba shi bisa matakin aiki: an gama fashe-fashe da kwashe ƙasa, a biya, an gama rufi, a biya, an gama filasta da wayarin, a biya. Kada ka biya bisa kwanan wata, ka biya bisa abin da ka gani a tsaye. Ka riƙe kashi 10 cikin 100 na kuɗin hannu har sai an yi wata guda da gama aiki, in rufi ne har sai an yi ruwan sama mai ƙarfi a kansa. A faɗi wannan tun ranar farko, a rubuta. In sai a ƙarshe ka ɓullo da shi, ka ci amana.

Duk kuɗin da ya fita a rubuta a littafin, mai karɓa ya sa hannu. In ta banki ka tura, ka rubuta dalilin turawar a jikin saƙon. Ranar da matakin biya ya cika kuwa, kada ka ce masa ya dawo gobe. Leburan da ya yini yana ɗaukar kwanon sarki a ka, da kuɗin yau zai yi cefanen dare. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma na sha ganin aiki ya lalace don mai gida ya ja wa mutane rai, gwanayen suka tafi wani wuri, aka kawo yara suka ƙarasa.

Za a zo maka da uzuri: matar oga ta haihu, an kwantar da mahaifiya a asibiti. In kana da hali ka taimaka, amma daga aljihunka, ka ce wannan kyauta ce, ko ka rubuta shi bashi. Kada ka ja kuɗin mataki na gaba ka bayar. Wanda ya riga ya cinye kuɗin aiki, ƙafarsa nauyi take yi.

Daga cikin kuɗin da ka tanada, ka ware aƙalla kashi 15 ka ajiye gefe, kada ka faɗa wa kowa, don abin da za a tarar a cikin bango. In kuɗinka miliyan 4 ne, ka tsara aikin miliyan 3 da dubu 400.

Kaya

Ka je Ƙofar Ruwa da ƙafarka, ka taya a shago uku kafin ka saya, kayan wuta da tayil ka leƙa Sabon Gari. Ka tafi da ma'aikacin don ya zaɓi abin da zai yi aiki da shi, amma kuɗi daga hannunka zuwa hannun mai shago, ka karɓi rasit. An san wasu shaguna na ba mai kawo ciniki la'ada, kuma a cikin kuɗinka take fitowa. Rodi a auna kaurinsa, don ana sayar da wanda bai cika ba da sunan mai milimita 12. Bulo ka murza gefensa da yatsa, in yana zuba kamar gari ka bar shi. Siminti buhun kilo 50 ne, ka taɓa ka ji ba dunƙule a ciki, a jera shi a kan katako a ɗakin da ke da makulli, mukullin a hannunka ko na wakilinka. Da safe a ƙirga abin da ya fita, da yamma a ƙirga buhunan da aka zazzage. Ba zargin kowa ake yi ba, haka ake yi a kowane sito, kuma ma'aikacin kirki ya fi kowa jin daɗin tsarin, don ba mai ce masa ɓarawo.

Lokaci ma kuɗi ne. Kada a buɗe rufi a watan Agusta. Da damina leburori da yawa sukan koma gida noma, da azumi aiki rabin yini ne, dab da Sallah kuwa mai fenti yana da gida biyar a hannu. Da hunturu filasta na saurin bushewa ta tsage, sai an dage da ban ruwa, kankare kuma aƙalla mako guda ana jiƙa shi. In za ka ɗora bene ko ka cire bangon da ke ɗauke da nauyi, wannan ya wuce maganar birkila: ka nemo injiniya ya duba harsashin, ka nemi izini a hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ka kuma gaya wa maƙwabcinka inda taga da indararo za su fuskanta kafin a kafa su.

Sai maganar "tunda an riga an fara". Tunda an fara, a ƙara faɗin ƙofa. Tunda an fara, a sa silin ado na fiyofi. Kowane ƙari a tsaya a yanke kuɗinsa da kwanakinsa, a rubuta a littafin kafin a taɓa. Haka in an buɗe bango an tarar da ɓarna, magini ya kira ka ka gani da ido, a ɗauki hoto, a yi sabon ciniki a kan wannan kaɗai.

In an saɓa

Ko aiki ya tsaya, ko an yi shi ba daidai ba, ko an daina ɗaga wayarka. Abu na farko, ka dakatar da biya, ka kulle sito. Kada ka zage shi a gaban yaransa, in ka kunyata oga a gaban leburorinsa ka rufe ƙofar gyara. Ka ja shi gefe da littafin a hannu: "Malam, ga abin da muka rubuta, ga abin da ka karɓa, ga inda aiki ya tsaya. Yaya za mu yi?" Sau da yawa za ka tarar kuɗinka ya tafi wani aikin ne, yana jiran a biya shi can. Ku yanke sabuwar rana a gaban shaidun nan biyu, a rubuta.

In ranar ta wuce, kada ka yi gaggawar kawo wani ya ɗora a kai. Da zarar sabon hannu ya taɓa aikin, hujjarka ta tafi, kowa zai ce ɓarnar ta ɗayan ce. Ka ɗauki hoto da bidiyon komai, sannan ku samo tsohon magini da ku duka kuka yarda da shi, ya auna abin da aka yi ya yi masa kuɗi. In abin da aka karɓa ya fi aikin, a dawo da ragowa, ko da kaɗan-kaɗan ne a rubuce. In aikin ya fi kuɗin, kai za ka cika, ko ranka ya ɓaci. Kada ka riƙe masa kayan aiki, da su zai nemo abin da zai biya ka. In leburorinsa sun zo ƙofar gidanka suna cewa ba a biya su ba, ka nuna musu sa hannun ogansu, in kuma akwai sauran kuɗinsa a wurinka, a biya su daga ciki a gabansa.

In abin ya ƙi, mai unguwa ne mataki na gaba, musamman in ya san ku duka, ko wanda ya haɗa ku tun farko. Hisbah ma tana zaman sulhu a kan irin wannan. Bayan nan akwai sashen sulhu na babbar kotun jiha, da kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe a Kano a 2019, waɗanda aka tsara su gama shari'a cikin kwana 60 kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron irin wannan ƙara. Ko'ina ka je, littafin nan da rasit da shaidu za a fara tambaya.

Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. In sata aka yi, an fasa sito an kwashe kaya, ko mutum ya karɓi kuɗi da sunan aikin da bai taɓa niyyar yi ba, wannan laifi ne, a kai rahoto. Amma sa a tsare magini don aiki ya yi jinkiri zalunci ne, kuma yana iya juyowa kanka a kotu.

Ranar karɓar aiki ka zo da rana tsaka, ka zagaya da shi ɗaki-ɗaki. A buɗe kowane famfo a bar shi yana zuba, a zuba bokitin ruwa a daɓen banɗaki a ga ko yana gangarawa rariya ko yana kwanciya, a kunna kowane makunni, a gwada kowace ƙofa da taga. Abin da ya rage a rubuta shi a shafin ƙarshe da ranar da za a gyara, a ƙarƙashinsa a sa ranar da za ka ba shi kashi goman da ka riƙe.