Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Yada Zango Kyauta a Gandun Dajin Gwamnati na Tsaunukan Amurka

A Amurka akwai wata dama da mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe da zama a ƙasar, ba su san da ita ba: mutum yana iya shiga galibin gandun dajin gwamnatin tarayya ya kafa tanti ya kwana ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma a mafi yawan wurare ba sai ya nemi izinin kowa ba. Hukumar kula da gandun daji ta ƙasar, wadda aka kafa a shekarar 1905 zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, tana riƙe da gandun daji 154 da filayen ciyawa 20, jimillarsu kimanin eka miliyan 193, kuma kaso mai tsoka na wannan ƙasa yana cikin tsaunukan yamma, a jihohi irin su Kolorado, Montana, Aidaho da Kalifoniya. Sai dai irin wannan kwana ana yin sa ne a wajen sansanonin da aka gina, inda babu famfo, babu makewayi, babu kwandon shara, babu mai gadi. Duk hidimar da kuɗin shiga yake biya a sansani, a nan ta koma wuyan mai zango, kuma yawancin kurakuran da ake tafkawa daga mantawa da wannan suke tasowa.

Kuskuren farko yakan faru tun kafin a bar gida, wato rashin tantance ƙasar da za a kwana a kanta. Mutane sukan haɗa gandun daji na ƙasa da wuraren shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone da Yosemite su ɗauke su abu guda, alhali hukumomi biyu ne daban a ƙarƙashin ma'aikatu biyu daban: gandun daji suna ƙarƙashin ma'aikatar noma, wuraren shaƙatawa kuwa ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Wanda ya faka mota a gefen hanya cikin Yellowstone ya kwana ya karya doka, wanda kuma ya fita daga iyakar wurin ya shiga gandun dajin da ke maƙwabtaka da shi yana iya yin hakan cikin halas. Ko a cikin gandun dajin ma ba kowane taku ne na gwamnati ba, domin akwai filayen mutane da suka gada tun zamanin masu haƙar ma'adinai da rabon filaye ga kamfanonin jirgin ƙasa a ƙarni na 19, kuma sau da yawa babu shinge ko allo da zai nuna iyaka. Gyaran wannan shi ne a sami taswirar da ke nuna mallakar ƙasa, a kuma kira ofishin gundumar dajin a tambaya kafin a tashi. Wannan kiran na minti biyar yana kawar da rabin matsalolin da za a ambata a ƙasa, amma shi ne abin da aka fi raina wa.

Daga nan sai batun hanya. Tun daga ƙa'idar da hukumar ta fitar a shekarar 2005, kowane gandun daji yana buga taswirar hanyoyin mota da ake kira MVUM, ana bayar da ita kyauta a ofis da kuma intanet, kuma ita ce hujja a gaban doka. Idan hanya ba ta cikin wannan taswira, to a rufe take ga mota, ko da kuwa babu ƙyaure a bakinta, ko da kuma ga sawun tayoyin wasu a kanta ɓaro-ɓaro. Taswirar takan kuma nuna gefen hanyoyin da aka yarda a shiga da mota don yada zango da nisan da aka ƙayyade, wanda a wasu dazuzzukan ƙafa 300 ne daga hanya, a wasu kuma ƙasa da haka. Abin da taswirar ba ta faɗa shi ne halin da hanyar take ciki a ranar, kuma a nan ne masu ƙananan motoci suke shan wuya, domin hanyar da ta fara da tsakuwa mai kyau tana iya komawa duwatsu da kwazazzabai bayan kilomita biyu, a wurin da ba a samun filin juyawa. Idan hanya ta fara ba da shakka, a tsaya a taka da ƙafa a duba gaba, kuma a yi ƙoƙarin isowa da sauran rana, domin neman wurin kwana da fitilar mota a kan tsauni shi yake kai mutane cikin filin wani ko cikin taɓo.

Wajen zaɓen wuri, sabon shiga yakan so ya sami inda ba a taɓa kwana ba, ya share ciyawa ya jera duwatsun murhu. Akasin haka ake so. A sauka a wurin da ya riga ya zama fili saboda amfani, domin tsiron tsauni yana da ɗan gajeren lokacin girma a shekara, kuma wurin da aka tattake yakan ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo. Haka nan kwaɗayin kwana a bakin rafi kuskure ne. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a yi nisan ƙafa 200, kimanin mita 60, daga kowane ruwa, don kada a gurɓata shi ko a tare wa namun daji mashaya. Kafin a buga turakun tanti a ɗaga kai a dubi sama. A Kolorado da Wayomin wani ƙwaro mai cin ɓawon itace ya kashe itatuwa masu ɗimbin yawa, suna nan tsaye a bushe, kuma iskar dare tana kayar da su ba tare da gargaɗi ba. Busasshen kwari mai yashi, duk da daɗin shimfiɗa da yake da shi, hanyar ruwa ce, kuma ruwan da aka yi a can saman tsauni yana iya isowa da ambaliya alhali ko ɗigo bai sauka a inda mutum yake kwance ba.

Wuta ita ce babbar magana, kuma ita ce kuskuren da ba ya gyaruwa idan ya auku. A lokacin rani dazuzzuka sukan kafa takunkumin wuta mataki-mataki. A mataki na ɗaya ba a yarda da wutar itace ko gawayi ba sai a cikin murhun ƙarfe na sansanonin da aka gina, ma'ana mai zangon kyauta ba shi da ikon hura ta sam, ko da ya tarar da tsohon murhun duwatsu a wurin. A mataki na biyu an hana ta ko'ina, sai risho mai gas wanda ake iya kashewa da makunni. A Kalifoniya kuwa, ko rishon gas ɗin ma sai da takardar izinin wuta, wadda ake samu kyauta. Mutane da yawa sukan dogara da abin da suka karanta makonni kafin tafiya, alhali takunkumin yana iya sauyawa cikin kwana ɗaya, saboda haka a sake dubawa a safiyar tashi. Karya irin wannan doka yana iya jawo tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin wata shida, amma tarar ƙaramin abu ce idan aka kwatanta da abin da wuta take yi: gobarar Hayman ta shekarar 2002 a gandun dajin Pike na Kolorado ta tashi ne daga murhun zango a lokacin da aka hana hura wuta, ta cinye kimanin eka 138,000 da gidaje 133.

Ko a lokacin da aka halatta wutar, kashe ta yana da ƙa'ida, kuma a nan ne na fi ganin sakaci a wurin mutanen da suke ganin sun iya. Rufe garwashi da ƙasa ba kashewa ba ne, ajiye shi ne, kamar yadda ake binne wuta a toka da dare don a tashe ta da safe. Iskar la'asar tana iya tone shi bayan mai zango ya yi nisa. Abin da ake yi shi ne a kwarara ruwa, a juya da shebur, a ƙara ruwa, a sake juyawa, sannan a kusantar da bayan hannu a ji ko akwai sauran zafi. Wannan yana cin ruwa mai yawa, don haka wanda ba shi da jarkar da ya ware don kashe wuta, gara ya haƙura da hura ta. Kada kuma a ɗauko itace daga gida mai nisa, domin ta cikin itacen girki ne ƙwari suke tsallaka jihohi, irin koren ƙwaron nan da aka fara ganowa a Mishigan a shekarar 2002 wanda ya hallaka miliyoyin itatuwa. A saya a kusa, ko a tsinci busassun rassan da suka faɗi inda aka yarda da hakan, kada a sari itace mai rai.

Akwai kuma maganar da ba a son yi amma dole a yi ta, wato ba-haya. Ƙa'idar ita ce a haƙa rami mai zurfin inci 6 zuwa 8, nisan mita 60 daga ruwa da hanya da wurin kwana, a rufe bayan an gama, takardar gogewa kuma a ƙulla ta a leda a fita da ita. Mai yin tsarki da ruwa ya ɗebi butarsa ya tafi can wurin ramin, kada ya yi a bakin ƙorama. Haka ma wanke-wanke da wanka da sabulu. A wasu wuraren masu tsayi da duwatsu, kamar yankin tsaunin Whitney a gandun dajin Inyo, ramin ma ba a yarda da shi ba, sai dai a yi a leda ta musamman a sauko da ita. Wannan ba tsanani ne na banza ba. Ƙazanta da shara da yawaitar sababbin murhu su ne suka sa aka taƙaita zangon kyauta zuwa wurare ƙayyadaddu a kwarurrukan da ke kewaye da Crested Butte a Kolorado da kuma yankin Sedona a Arizona. Ruwan sha kuwa, komai garai-garai ɗin da rafin tsauni yake da shi, yana iya ɗauke da ƙwayar giyadiya mai sa gudawa. A tace shi ko a tafasa na minti ɗaya, idan kuma an haura kimanin mita 2,000 a kai minti uku, domin ruwa yana tafasa da ƙarancin zafi a wuri mai tsayi.

Game da abinci, kuskuren shi ne kai shi cikin tanti. Beyar, wato babbar dabbar dajin nan da Turawa ke kira bear, tana da hanci mai ƙarfin gaske, kuma ba ta bambance kilishi da man goge baki ko turare. Duk abin da ke da ƙamshi a wurinta abinci ne. Baƙar beyar tana cikin yawancin dazuzzukan tsauni, babbar mai launin ƙasa kuma tana Montana da Wayomin da Aidaho, inda dazuzzuka da dama suka mai da adana abinci doka. A kulle shi cikin mota ko cikin gwangwanin da aka ƙera don haka, ko a rataye shi ƙafa 10 daga ƙasa da ƙafa 4 daga jikin itace, a kuma yi girki nesa da makwanci. Beyar da ta saba cin abincin mutane takan ƙare da harbi daga jami'ai, bayan ta riga ta zama haɗari ga wanda zai sauka a wurin daga baya.

Raina sanyi da tsayi kuskure ne da ya fi kama waɗanda suka taso daga birni mai zafi a watan Yuli. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka a tsayin mita 3,000 ruwa yana iya daskarewa da asuba a tsakiyar bazarar ƙasar. Bargo kaɗai ba ya isa idan babu shimfiɗa mai kauri tsakanin jiki da ƙasa, domin ta ƙasa ne ɗumi ya fi zurarewa. Daga kimanin mita 2,500 kuma wasu sukan fara ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Maganinsa a kwana a wuri mai matsakaicin tsayi a daren farko, idan kuma abin ya ci gaba da tsananta a sauko, kada a jira gari ya waye. A tsaunukan Kolorado hadarin tsawa yakan taso bayan azahar a watannin Yuli da Agusta, saboda haka ƙololuwa ko fili mai faɗi da babu itatuwa ba wurin kafa tanti ba ne. Gabashin ƙasar ma bai tsira ba: a gandun dajin White Mountain na Nyu Hamsha an hana kwana sama da inda itatuwa suke ƙarewa sai a kan ƙanƙara mai zurfi, kuma a nan ne tsaunin Washington yake, inda aka auna iska mai gudun mil 231 a awa a shekarar 1934.

Kwanakin zama ma suna da iyaka, galibi 14, wasu dazuzzukan 16, bayan haka sai an tashi an bar yankin, kuma matsawa 'yan taku zuwa murhun gaba ba ya sake lissafin. Kafa tanti a bar shi kwanaki babu kowa don kama wuri shi ma laifi ne a dazuzzuka da yawa. A yankunan da dokar 1964 ta keɓe a matsayin daji tsantsa, mota da babur har da keke duk haramun ne, sai ƙafa ko doki. A lokacin kaka kuma maharba suna cika dajin, don haka riga mai launin lemo mai haske tana da muhimmanci ga mai yawo ko da shi ba farauta ya zo yi ba.

Wayar hannu ita ce abin dogaro na ƙarshe da ke yaudarar mutane, domin da zarar an shiga kwari sabis yakan ɗauke, taswirar da ke buƙatar intanet kuma ta zama farin allo. A sauke taswirar cikin waya tun daga gida, a riƙe ta takarda a matsayin madadi, a cika tankin mai a gari na ƙarshe, a duba tayar safaya da jak. Sannan a bar wa wani amintacce rubutaccen bayani: sunan gandun dajin, lambar hanyar da za a bi, irin motar da lambarta, ranar dawowa, da kuma lokacin da idan ya wuce bai ji labari ba zai kira ofishin sheriff, wato shugaban 'yan sandan gundumar, wanda a yawancin jihohin yamma shi ne ke da alhakin neman waɗanda suka ɓata a daji. Idan aka sauya wurin kwana bayan an isa, a koma inda sabis yake a sanar da shi sabuwar lambar hanyar kafin a sake shiga.