Kurakuran da ke ƙarar da karkashi a gonakinmu

Duk wanda ya zaga gonakin Giwa ko Soba, a jihar Kaduna, a watan Agusta ya san furen karkashi: ruwan hoda mai ɗan shuni, bakinsa a buɗe kamar kakaki, ƙudan zuma na kutsawa ciki har su ɓace. Ɗan uwan riɗi ne, kuma tun kaka da kakanni in mai noma ya iske shi sai ya kauce da fartanya ya bar shi, don ya san miya ce. Yau sababbin manoma ke kashe shi da hannunsu.

Babban laifin na feshi ne. Mutum ya goya famfo, ya bi gona da maganin ciyawa tun daga kunya har iyaka, har gindin itatuwa. Haba jama'a! Karkashi fa shekara ɗaya yake yi, iri yake zubarwa ya fito baɗi. In aka ƙone shi kafin ya yi kwanso damina biyu ko uku a jere, sai ya yi wuyar gani a wurin, zuma ta rasa abin tsotsa, uwargida kuma ta koma sayen garinsa a kasuwa. Abin da nake ba da shawara shi ne a bar taku biyu a gefen gona, musamman ɓangaren jigawa inda ya fi so, a nome wurin da hannu. Kada a yi feshi ana iska. Ganyen da magani ya taɓa kuwa kada ya shiga tukunya.

Na biyu ya fi ciwo: rikita shi da ƙuduji, wato wuta-wuta, don furensu ya yi kama daga nesa. Sai a bar ƙuduji wai fure ne mai kyau. Tushe ɗaya na zubar da iri dubun dubata, kuma irin kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran dawa ko masara. Ku tsuguna ku duba. Ƙuduji na tsirowa a gindin hatsi, ganyensa siriri mai kaushi, furanninsa a jere a ƙololuwa. Karkashi ganyensa ya fi faɗi, da gashi-gashi, furensa ɗai-ɗai a hammatar ganye, in ka murza shi da ɗan ruwa sai yauƙi. Ƙuduji a tuge shi da zarar ya fara fure, a fitar da shi daga gona a ƙone.

Wajen tsinka, a daina tumɓuke karkashi da saiwa. A karya kan, zai yi rassa. A shanya a inuwa, rana na kashe korensa. A bar tushe biyar ko shida su riƙa, a cire kwanson kafin ya fashe, a adana irin a busasshiyar kwalba har saukar ruwa.