Babi Na Bakwai: In Labari Ya Riga Ruwa Isowa

'Yan uwa ɗalibai, sannunku da ƙoƙari. Darasinmu na yau a kan ambaliya ne, amma ba yadda ruwa ke cin gari za mu tsaya ba, wannan kowa ya gani ko ya ji. Za mu duba yadda mutanen wani yanki ke sanar da na wani yanki abin da suka sani tun ruwan bai iso ba. Malami ya fara karantawa da ƙarfi sau ɗaya, sannan ɗalibai su riƙa karɓa, duk inda aka ci karo da lamba a tsaya a rubuta ta a allo.

Ruwan da ya ci gari ba lallai a garin aka yi shi ba

Sau da yawa za ka ga sama tas, ba hadari ba komai, kwana uku ko yayyafi ba a yi ba, amma kogi sai cika yake yana hawa. Dalili shi ne can saman kogi aka tafka ruwan, wataƙila nisan kilomita ɗaruruwa, ƙoramu da rafuka suka tattaro shi suka juye a babban kogi, shi kuma ya kamo hanya ya gangaro. Tafiyar nan tana cin lokaci, wani wurin awa shida, wani wurin kwanaki. To wannan lokacin shi ne abin da na saman kogi zai iya bai wa na ƙasa, kuma ba ƙaramar kyauta ba ce.

A shekarar 2000 kogin Limpopo ya malale kudancin Mozambik, mutum 700 zuwa 800 suka rasu, alhali ruwan da yawa daga Afirka ta Kudu da Zimbabuwe ya gangaro. Haka kogin Binuwai, daga Kamaru ya taso, kuma akwai madatsar Lagdo a kansa tun 1982. In damina ta yi ƙarfi madatsar ta cika dole a saki ruwa, ya haɗu da na sama da ake ta yi, ya shiga Najeriya. A 2012 mutum 363 aka rasa a Najeriya, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, a 2022 kuwa mamatan sun haura 600. Ba madatsar kaɗai ce ta jawo ba, amma sanin ranar da za a buɗe ta da yawan ruwan da za a saka yana canza lissafin duk wanda ke zaune a bakin kogin. Irin wannan ne ya sa ƙasashe 9 da kogin Neja da rassansa suka ratsa suke da hukuma guda mai hedikwata a Yamai, suna musayar awon ruwa.

Abin da Bangaladash ta koya da hawaye

Ina so mu ɗan zauna a nan, don ni a ganina babu ƙasar da ta kai Bangaladash ba da darasi. Bangaladash ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, manyan koguna daga Indiya suna zubowa ta cikinta su faɗa teku, ga kuma guguwa da ke turo ruwan teku kan tudu. A watan Nuwamba na 1970 guguwa ɗaya ta kashe mutum wajen 300,000, wasu ma sun ce ya fi haka. A 1991 wata ta kashe kusan 138,000. A 2007 wata mai ƙarfin gaske ta sake zuwa, alƙaluman hukuma suka nuna kusan 3,400. Rai ɗaya ma asara ne, kuma guguwa ba ta zama iri ɗaya, amma ku dubi tazarar da ke tsakanin lambobin nan.

Me ya canza? Tun 1972 suka kafa tsarin 'yan sa kai, yanzu sun haura 70,000, maza da mata, kuma 'yan unguwa ne ba baƙi ba. Masana a ofis suna duba hoton tauraron ɗan adam su ce ga abin da ke tafe, saƙo ya sauka ta rediyo da waya, ɗan sa kai ya ɗau lasifika ya hau keke yana bi lungu-lungu, a ɗaga tuta, tuta ɗaya a saurara, tuta uku kowa ya fita. An gina mafaka masu hawa a kan ginshiƙai, da rana makaranta ce, ran haɗari wurin fakewa. Da aka lura mutane na ƙin tashi saboda ba za su bar shanunsu ba, sai aka tara ƙasa aka yi tudun da za a kora dabbobi.  Yau ƙasashe da yawa suna zuwa can koyo.

Bincike yana nan amma bai isa kunne ba

Kar wani ya ɗauka matsalar ta talakawan ƙasashe ce kawai. Bayan ambaliyar kogunan Elbe da Danube a 2002, ƙasashen Turai sun haɗa tsari ɗaya na hasashen ambaliya. A watan Yuli na 2021 tsarin ya hango ruwa mai yawa kwanaki kafin ya zo, ya kuma tura wa hukumomi. Duk da haka a daren 14 zuwa 15 ga wata ruwa ya cinye kwarin kogin Ahr a Jamus, mutum sama da 130 suka mutu a kwarin kaɗai, a ƙasar baki ɗaya sama da 180. Da yawa suna cikin gidajensu, ba wanda ya ce musu a fili ku hau sama yanzu. Abin yana taɓa ni ƙwarai, don ilimin yana nan, na'ura ta yi aikinta, tsakanin ofis da ƙofar gida ne igiyar ta tsinke. Daga baya Jamus ta ɗauko tsarin da Holan da Amurka suka daɗe da shi, wanda saƙon gaggawa ke faɗowa kan duk wayar da ke yankin lokaci guda, ta fara aiki da shi a 2023.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2022 ta ɗau alƙawarin cewa kafin ƙarshen 2027 kowa a duniya ya zama gargaɗi na isa gare shi da wuri. Wani rahoto na 2019 ya ƙiyasta cewa sanarwar awa 24 kacal na iya rage ɓarna da kashi 30 cikin 100.

Ba sai da manyan na'urori ba

A kogin Ratu da ya taso daga Nepal ya shiga jihar Bihar ta Indiya, an kafa ɗan ma'auni a saman kogin, in ruwa ya hau sai ƙararrawa ta yi kuka a gidan mai kula, shi kuma ya bugo waya ga ƙauyukan ƙasa har da na tsallaken iyaka. A ambaliyar Agusta 2017 hakan ya ba su awoyi da dama suka kwashe yara da dabbobi. A kogin Buzi na Mozambik kuwa mazauna ne da kansu ke auna ruwan sama da tsayin kogi su aika ta rediyo, kuma dabarar daga Amurka ta Tsakiya aka aro ta, inda su ma ruwa ya sha cin su. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Har iri ana musaya. Masu bincike a wata cibiya da ke Filifin sun ɗauko ƙwayar halitta daga wata tsohuwar shinkafar manoman Indiya suka sa a irin da ake nomawa, sai ga shinkafa mai jure nutsewa har kusan mako biyu. Yanzu ta kai gonaki a Asiya da Afirka.

Amma fa aro ba kwafa ido rufe ba ne. Holan bayan ambaliyar 1953 da ta ci mutum 1,836 ta yi ta gina katangu da madatsu, duniya tana yaba mata. Sai a 1995 koguna suka kumbura har aka kwashe mutum 250,000, nan suka gane katanga kaɗai ba ta isa, suka koma bai wa kogi fili, a birnin Nijmegen sai da aka ja katanga baya mita 350. Wanda ya kwafi darasinsu na farko bai ji na biyu ba ya yi rabin karatu. Sannan dabarar da ta yi wa babban kogi mai hawa a hankali ba za ta yi wa kwarin dutse ba, inda ruwa ke zuwa cikin minti talatin. Kullum ku tambaya, irin ruwansu ne irin namu?

Naku aikin

Kai da ka fara iya rubutu, yanzu kana cikin masu binciken nan, ba wasa nake ba. A samu ginshiƙin gada ko a kafa ƙarfe mai ƙwari a bakin ruwa, a ja layi duk santimita 10, a shafa fenti kala uku, kore a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a sama. Ja ɗin a tambayi dattawa inda ruwa ya kai shekarar da ya shiga gidaje, a sa shi ƙasa da nan, don gargaɗi ya zo da sauran lokaci. Mutum biyu su riƙa dubawa safe da yamma daga wuri mai aminci suna rubutawa a littafi ɗaya, kwanan wata, ƙarfe nawa, layi na nawa. Bayan damina uku wannan littafin ko injiniya zai so ya gan shi.

Sai a nemi lambar mutum biyu ko uku a garin da ke sama da ku, ku kuma ku ba na ƙasa da ku taku, tun kafin damina, ba ran da ruwa ya taso ba. Saƙo mai kyau abu huɗu yake faɗa, ina ne, ruwa ya kai ina, ƙarfe nawa, me za a yi. Misali: "Gadar sama, ruwa ya taɓa ja ƙarfe 4 na yamma yau Talata, yana ƙaruwa. A kai yara da tsofaffi tudu kafin dare." A tura a rubuce, a kuma yi shi da murya a WhatsApp saboda wanda bai iya karatu ba tukuna. Don Allah kar a tura tsohon bidiyo ko jita-jita, in aka firgita mutane a banza sau biyu, na ukun da yake gaskiya ba za su motsa ba. In saƙo ya zo babu rana babu wuri, a kira wanda ya gani da idonsa, a kuma saurari sanarwar hukumar hasashen yanayi.

Abu ɗaya da duk yankuna suka yarda da shi, kar a ratsa ruwa mai gudu. Santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota.

Aikin aji

1. Lissafi: a misali ruwa na tafiyar kilomita 5 a awa ɗaya, garin da ke sama da ku nisansa kilomita 60 ne. In sun kira ku ƙarfe 6 na safe, ƙarfe nawa ruwan zai iso?

2. Rubuta lambobin nan da kalmomi: 1,836 da 250,000.

3. Tattaunawa: me ya sa wasu ke ƙin tashi ko sun ji gargaɗi? Kowa ya faɗi dalili ɗaya, a rubuta a allo, a nemi maganin kowanne kamar yadda aka yi da tudun dabbobi.

4. Kowa ya rubuta saƙon gargaɗi nasa mai abubuwan nan huɗu, ya karanta wa na kusa da shi. In na kusan bai gane abin da zai yi ba, a sake rubutawa. A zo da shi darasi na gaba tare da sunan gari ɗaya da ke sama da ku a kan ruwa da ɗaya da ke ƙasa.