Wane suna za ka ba ɗan daudu a ƙasar da ka ƙirƙira?

Matasan marubuta na Samaru da Tudun Wada kan turo mini labaran aljanu da masarautun da suka ƙaga, in duba musu. Ga ganuwa, ga dawaki, ga bokan sarki, sai kwatsam jarumi ya buɗe baki ya ce shi ɗan LGBT ne, wato gajeren sunan Turanci na masu son jinsinsu da masu sauya jinsi. A ina ya ji? Haruffan nan a Amurka suka yaɗu wajen shekarun 1990, da nasu tarihin. Masarautarka ba ta bi ta nan ba.

Fara da sana'a. A ƙasar Hausa an san ɗan daudu da tuyar waina da sayar da abinci a tasha, da zama a gidan mata masu zaman kansu, da wasan bori, tun kafin a zo maganar wa yake so. Da yawansu ma suna da mata da 'ya'ya. To a taka ƙasar, me irin mutumin nan yake ci da shi? A labarin da nake rubutawa, su kaɗai ke ratsa soro su kai saƙo cikin gidan sarauniyar aljanu, sai gari ya sa musu 'yan soro.

Suna ɗaya kuma ba ya isa. Akwai na zagi da yara ke jifa da shi a kasuwa, akwai na fada, akwai wanda suke kiran junansu in an rufe ƙofa. Wanda mutum ya zaɓa shi zai tona zuciyarsa, ba sai ka yi wa mai karatu bayani ba.

Hausa ba ta barin ka noƙe: dole kai ko ke, ya ko ta. 'Yan daudu kan ce wa juna "ke" da "ƙawa" a tsakaninsu, gaban baƙo su koma "kai". Ka tsara shafin da za a fara ce wa jaruminka "ke", da bakin da zai faɗa, da ko wasa ne ko raini.

Kada ka kawo shi don dariya kawai, daga fari da ido sai tafa hannu. Ɗora masa bashi, ba shi gwaggo mai ciwon ƙafa da abokin gaba.

Sai doka. Tun Janairun 2014 Najeriya ta haramta auren jinsi, ɗaurin shekara 14, Kano kuma tana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i, don haka ka san inda za ka fitar da labarin. Taka masarautar ma tana buƙatar tata dokar: sarkin korarsu yake yi, ko haraji yake karɓa, ko kau da kai?