Yadda nake neman labari kafin in zuba iri

Shinkafa nake nomawa a fadamar Argungu, gero kuma a tudu. Fara da rediyo: tun farkon shekara NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitar da hasashen damina, ka kasa kunne ka ji lokacin da ruwa zai zauna a yankinku. Bara ruwan farko ya ruɗe ni, na shuka gero, sai da na sake.

Malamin gona kuwa, kada ka je masa da baki kawai. Tsinko ganyen da ya yi ɗorawa, saka a leda, kai masa, ko yaronka ya tura hoton ta WhatsApp. Faɗa masa irin shinkafarka, ingantaccen iri Faro 44 ne ko na gida, da ranar da ka dasa, sannan ka tambayi lokacin zuba takin yuriya.

Farashi? Kira dillalai biyu kafin ka ɗaure bakin buhu.