Yadda na gyara ruɓewar rassan dashe

A unguwar Aboabo nake dashen furen bogenbiliya da lemon tsami, kuma damina ta Kumasi ba ta wasa. Rassan da na tsoma a jel ɗin fitar da saiwa sai gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe.

Maganin kansa lafiya lau yake. Sinadarin IBA da ke ciki saiwa kawai yake zaburarwa, ba ya hana ruɓa. Baƙar ƙasar da nake dashen a ciki ce ke riƙe ruwa, ga jel mai danshi a kai.

Na koma hodar fitar da saiwa. Nakan zuba kaɗan a murfin kwalba, don tsoma reshe cikin gwangwanin na iya gurɓata sauran. Ina yanka dab da ƙasan gaɓa, in cire ganyen ƙasa, in dangwala, in kakkaɓe. In hodar ta yi yawa, ƙona reshen take. Sai in huda rami da tsinke kafin in sa, kar hodar ta goge.

Ƙasar kuwa, yashi da ɓawon kwakwa daidai wa daida, a inuwa, leda a sama. Yanzu yawancinsu suna kamawa.

Rogo da zogale ban ɓata musu hoda, su ko babu suna fitowa.